Wanke mota da goge fentinta a gida: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini a Nima

Na daɗe ina wanke motata da hannuna a ƙofar gidanmu a unguwar Nima da ke Accra, duk ranar Asabar bayan an fito sallar asuba. Mai wucewa ya tsaya ya yi sallama, daga gaisuwa sai tambaya: direbobin tasi, samarin da ke aikin Bolt da Uber da motar wani, Alhazan da suka fito da motarsu daga tashar jirgin ruwa ta Tema, har da Hajiyoyin da ke tuƙa kansu zuwa kasuwar Madina. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Abin da ya fi damuna, kuma za ku ga ina ta komawa kansa, shi ne yawancin fentin da ya mutu a garin nan, a hannun mai motar ya mutu, ko a hannun yaron da aka sa ya goge.

Malam, ƙura ce kawai a jikin motar. Ba zan iya kaɗe ta da dasta ba?

Don Allah ɗan'uwa ka daina. Na san duk direban tasi yana da rawayar dastarsa a ƙarƙashin kujera, yana jiran fasinja yana goge bonet. Amma ƙurar hunturu da ke sauka mana daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ce ke ɗebo ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma a cikinta akwai yashi mai laushi wanda ya fi fentin mota ƙarfi. Haka jar ƙasar da ke tashi a hanyoyin da ba a sa wa kwalta ba. Idan ka ɗora busasshen tsumma a kan wannan ƙura ka ja, sanfefa ka yi wa motarka.

Ba za ka gani ran nan ba. Bayan wata biyu ko uku, ka tsaya da rana tsaka ka dubi bonet, za ka ga zane-zane sirara suna zagaye hasken rana kamar saƙar gizo-gizo. Su ne ke sa baƙar mota ta koma toka-toka. In ba ka da ruwa, bar ƙurar a inda take. Ƙurar da ke zaune lafiya ba ta yi wa fenti komai, sai an ja ta.

Wai fentin mota kaurinsa nawa ne, da har ƙura za ta ci shi?

Bai kai yadda mutane ke tsammani ba. Motar da ta fito daga kamfani tana da hawa-hawa: na farko mai hana ƙarfe tsatsa, sai faraima, sai launin da ido ke gani, sai na sama mai kama da gilashi wanda masu fenti ke kira kiliya. Duka haɗe kaurinsu yakan kama daga maikuron 100 zuwa 180 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), wato kaurin takarda ɗaya zuwa kusan biyu. Kiliyar kanta ba ta wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, ta fi gashin kai siranta. Ita ce ke ba da sheƙi, ita ce kuma ke tare wa launi zafin hasken rana. Duk wanki da gogewa da kake yi, a kan wannan 'yar fatar kake yinsu, kuma abin da ya tafi daga cikinta ba ya dawowa.

Omo ko Key Soap ba za su yi ba? Ai sun fi kumfa.

Za su fitar da dauɗa, amma za su tafi da waks ɗin da ke jikin motar, wato kakin da ake shafawa don kare fenti, su busar da robobin gilashi da baƙar robar bamba har ta yi fari. Garin omo kuma ba ya narkewa duka, ɓurɓushinsa yana karce fenti. Sabulun wanke kwanuka an yi shi ne don ya narkar da maiƙo, waks kuwa dangin maiƙo ne. Shamfun mota shi ya dace, domin yana da santsin da ke sa yashi ya zame maimakon ya ƙarzu. Ana samunsa a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai da shagunan gidajen mai irin su GOIL da Shell da TotalEnergies. Murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti, don haka kwalba ɗaya tana kai mutum watanni.

To yaya ake wankin, musamman ga mu da famfo ke yin kwanaki bai zo ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa, domin ba sai kana da tiyo ba. Ni da galan Kufuor biyu, rawayar jarkar nan ta ɗiban ruwa, nake gama ƙaramar mota, in na yi tattali.

Ka tanadi bokiti biyu: ɗaya na ruwan shamfu, ɗaya na ruwa zalla. Kafin hannunka ya taɓa motar, ka ɗebi ruwa da kofi ka kwarara daga rufinta zuwa ƙasa, ƙurar da ke sama-sama ta sauka da kanta. Kada ka yi rowar wannan ruwan farko, shi ne rabin aikin. Daga nan ka tsoma abin wankinka a ruwan shamfu, ka wanke rufin, sannan ka ɗauraye shi a bokitin ruwa zalla, ka matse, kafin ka mayar da shi cikin shamfu. Haka za ka yi bayan kowane ɓangare: gilasai, bonet, but, rabin ƙofofi na sama, sai na ƙasa a ƙarshe, inda laka ta fi yawa. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗauraya, za ka ga yashi ya kwanta. Da bokiti ɗaya ka yi aiki, wannan yashin a jikin motarka zai yi ta yawo.

Ka ja hannu a miƙe, gaba da baya, ba tare da dannawa ba. Nauyin abin wankin ya isa. Kowane ɓangare ka ɗauraye shi kafin kumfa ta bushe a kai.

Tayoyi da wili suna da nasu buroshi da nasu tsumma, kuma waɗannan kada su taɓa jikin mota har abada. Baƙar ƙurar da ke kan wili garin birki ce, akwai ƙarfe a cikinta. Ni na fi son in fara da tayoyi, in zubar da ruwansu, sannan in hau jiki.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Lungunanmu matsattsu ne, ka zaɓi inda ruwan zai bi kwata ba ƙofar wani ba, kuma kada ka zuba baƙin mai ko kananzir a ciki. Kwatar Nima a kogin Odaw take ƙarewa, daga can sai tafkin Korle, sai teku.

Da me zan wanke? Ina da sapo da tsohuwar singileti.

Sapo, soson ragar nan, na wankan mutum ne, a kan fenti kuwa ƙarza yake yi. Tsohuwar riga da tawul ɗin wanka suna riƙe yashi a fuskarsu. Soson katifa da ake yankawa shi ma haka, yashi ba shi da inda zai ɓuya a jikinsa. Ka nemi safar hannu ta wankin mota ko tsumman maikurofaiba, masu gashi-gashin da ke haɗiye yashi ya shige ciki. Ka ware na wanki daban, na tsanewa daban, na waks daban. Wanda ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi.

Wane lokaci ya fi?

Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa. Ɗora bayan hannunka a kan bonet, in da zafi ka jira. Baƙar mota da ta wuni a rana jikinta kan kai digiri 70, ruwa da sabulu suna bushewa a kai kafin ka juya.

Na wanke tas, amma da ta bushe sai fararen ɗigo-ɗigo suka fito. Mene ne?

Hajiya, ruwan ne. Ruwan bohol da na rijiya, da wanda wasu tankoki ke kawowa, yana ɗauke da gishiri da sinadarin farar ƙasa. Ruwan ya tashi, su kuma su zauna. In rana ta gasa su sau da yawa, sukan ci cikin kiliya su bar zobe. Maganin shi ne kada a bar mota ta bushe da kanta: a shimfiɗa babban tsumman maikurofaiba a kai, a ja shi a hankali ya tsotse ruwan. Ɗigon da bai daɗe ba yana fita da farin binega da aka haɗa da ruwa rabi da rabi: a jiƙa tsumma, a ɗora na minti ɗaya, a ɗauraye. Binega yana cire waks, don haka a sake shafa wa wurin.

Na ajiye mota a ƙarƙashin bishiya wajen 37, na dawo na tarar da kashin jemage. Ya jira Asabar?

Kada ya kwana. Jemagun da ke rataye a bishiyoyin gefen asibitin soja na 37 'ya'yan itace suke ci, kashinsu yana da tsami, ga ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi a ciki. Kashin tsuntsu ma haka. Idan rana ta buga, fenti yana yin laushi a ƙarƙashinsa, da ya huce sai ya ɗauki siffar abin. Wani lokaci wuni ɗaya ya isa ya bar tabon da sai folish zai fitar.

Kada ka kankare da farce ko busasshen tsumma. Fasa ledar fiya wata ɗaya, jiƙa tishu ko tsumma, ɗora a kai na 'yan mintuna har ya jiƙu, sannan ka ɗauke shi sama kamar mai tsintar abu. Ka wanke hannunka da sabulu bayan haka. Danƙon mangwaro da na darbejiya ruwan ɗumi da shamfu ne maganinsu in suna sabo. Inuwar bishiya tana da daɗi, amma mota takan biya kuɗinta.

Folish da waks ba abu ɗaya ba ne?

A nan mutane da yawa ke asarar fenti, domin a bakinmu duk abin da aka shafa mota ta yi ƙyalli "folish" ne. Aikinsu ya saɓa gaba ɗaya.

Folish yana da gari mai laushi ƙwarai a cikinsa. Aikinsa ya ci saman kiliya kaɗan har ya daidaita da zurfin zanen da ke jiki, sai haske ya dawo yana faɗuwa sumul. Kwamfawun yayansa ne, garinsa ya fi kaushi, ya fi ci. Duk lokacin da aka yi amfani da su, kiliya ta ragu.

Waks ba ya cin komai. Rufi ne siriri da ake ɗorawa a saman fenti, ruwa da dauɗa da kashin tsuntsu su same shi kafin su sami kiliya. Wanda aka fi sani shi ne na kanuba, kakin da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, sai ya wuce digiri 80 yake narkewa, shi ya sa yake jure jikin mota. Akwai kuma na haɗin sinadari da ake kira silan, wanda ya fi daɗewa.

Jerin aikin ke nan: wanki, sai folish in akwai buƙata, sai waks. Wanda ya shafa waks a kan dauɗa ya rufe dauɗar ne a ciki. Akwai gwangwanayen da aka haɗa folish kaɗan da waks a ciki, suna da amfani ga motar da ta ɗan dushe, amma ka karanta jikin gwangwanin ka san abin da ka riƙe.

Sau nawa zan yi folish? Ana yi mini duk ƙarshen wata da inji.

Alhaji, a dakata haka. Sau ɗaya a shekara ya isa, kuma motar da ake wankewa da kyau takan yi shekara biyu ba ta nema ba.

Na ga abin da injin nan ke yi da idona. Gab da wata Babbar Sallah na kai motata wani wurin wanki don ta yi kyau, wani yaro ya ɗora mata inji mai juyi ɗaya, ya tsaya a gefen fenda yana hira. Da ya ɗaga, kiliya ta ƙone, launin toka na faraima ya leƙo. Babu abin da ya gyara wurin sai sabon fenti, kuma har na sayar da motar launin fendar bai zo daidai da na ƙofa ba. Yaron ba mugunta ya yi ba, ba a koya masa ba ne. Gefuna da kusurwoyi su ne inda fenti ya fi siranta, kuma inji mai juyi ɗaya yana tara zafi wuri guda cikin daƙiƙu.

A gida hannu ya fi aminci. Ɗan soso mai laushi, folish kamar ƙwayar gyaɗa uku, wuri kamar faɗin dardumar sallah rabi, ka goga har ya kusa ɓacewa, ka share da tsumma mai tsabta. Ka fara da mafi laushi, in bai yi ba ka matsa zuwa kwamfawun. In za ka sayi inji, nemi mai juyi biyu, wanda ke juyawa yana karkarwa, shi ba ya saurin ƙona fenti.

In ka ga launin motar yana fitowa a jikin tsumma, motar ba ta da kiliya a wurin, fenti mai hawa ɗaya ne. Ana samun haka a tsofaffin motoci da wasu da aka sake wa fenti, har da rawayar fendar tasi da yawa. Irin wannan fenti yana farfaɗowa da folish sosai, amma a bi shi a hankali.

Okada ya karce mini ƙofa. Folish zai fitar?

Ja farcenka a kan wurin. In ya wuce bai maƙale ba, a kiliya abin ya tsaya, folish zai fitar ko ya rage shi. In farce ya maƙale, ko ka ga fari ko toka ko ƙarfe, ya wuce aikin folish. Wani lokaci kuma abin da kake gani fentin babur ɗin ne ya manne a kan naka, wannan yana fita da sauƙi. Wanda ya kai ƙarfe kada a bar shi ya shiga damina, tsatsa za ta kama. Lambar launin motar tana jikin wata 'yar takarda a bakin ƙofar direba ko cikin bonet, da ita masu haɗa fenti za su haɗa maka ɗan kaɗan ka ɗiga.

Yaya ake shafa waks, kuma yaushe zan sake?

Mota wankakkiya, busasshiya, mai sanyi, a inuwa. Kafin ka fara, sa hannunka cikin leda ka shafa bonet. In ka ji ƙurji-ƙurji, akwai abin da ya manne wanda wanki bai fitar ba, kuma yumɓun goge mota ne ke cire shi: a fesa ruwan shamfu, a zame shi a kai ba dannawa.

Waks siriri ake shafawa, har ka riƙa shakkar ko ya hau. Masu lafta shi da kauri suna wahalar da kansu wajen gogewa, kuma abin da ya wuce kima a tsumma yake ƙarewa. Yi ɓangare ɗaya, jira ya yi hazo, ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes, lokacin gogewa ya yi, in ya yi maiƙo, ƙara jira. Ka kiyaye baƙar robar bamba da ta gefen gilashi, waks yana bar musu farin tabo mai wuyar fita. Gilashin gaba ma kada a shafa masa, waifa za ta riƙa barin dishi-dishi da dare.

A zafin Accra, na kanuba ba ya wuce wata ɗaya zuwa biyu ga motar da ke kwana a waje. Silan yakan kai wata huɗu zuwa shida. Ruwa ne zai gaya maka: in ka watsa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, da saura, in ya baje ya kwanta, ya ƙare. Ni lokuta biyu ba na bari su wuce ni: ƙarshen Maris kafin babbar damina ta kankama, da Nuwamba kafin hunturu. Turtle Wax da Meguiar's da Sonax duk suna aiki, sai dai a duba murfi da rubutun jiki da kyau, domin jabu yana yawo, kuma araha ba ta ado.

Jiya na karɓo motata daga wajen mai fenti. In shafa mata waks?

A'a, ƙanena. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadarin da aka narkar da shi na tsawon makonni, waks kuma zai toshe shi. Ka jira kwana 30 zuwa 90, gwargwadon abin da mai fentin ya ce, shi ya san abin da ya fesa. Kafin nan ruwa da shamfu kawai.

Mu da ke Chorkor da Teshie da Nungua, akwai abin da ya bambanta?

Akwai. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, yana sauka a mota ko ba ta je bakin ruwa ba, kuma gishiri da danshi su ne abincin tsatsa. Ku ɗauraye da ruwa mai daɗi duk mako, ku kai ruwan ƙarƙashin mota da cikin bakin taya da gindin ƙofofi, inda ido ba ya zuwa. Silan ya fi muku kanuba.

Kwalta ta fallatsa a gefen ƙofa, fetur kuma ya zuba a bakin tanki.

Kwalta tana narkewa da ɗan kananzir a tsumma: a ɗora, a jira, a share, a wanke da shamfu nan take, a sake waks. Kada a kusanci fenti da tina, sinadarin da ake tsinka fenti da shi. Fetur a ɗauraye shi da ruwa tun a gidan mai. Wanda ya fi su haɗari shi ne man birki, yana cin fenti cikin mintuna, don haka in fita, wato makanike, yana ƙara maka shi, ka tsaya kusa da ruwa a hannu.

In saya mata riga in riƙa rufewa?

In motar wankakkiya ce kuma za ta yi kwanaki a ajiye, e. Rufe mota mai ƙura kuwa, iska na kaɗa rigar tana goga yashin a jiki dare da rana. Tampol da baƙar leda suna tara zafi da gumi, ba su dace ba.

Rufin motata ya yi fari-fari, yana ɓarewa kamar fatar maciji. Wane waks zai gyara?

Babu, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai goge shi ya dawo, kada ka ba shi. Kiliya ce ta mutu ta rabu da launin da ke ƙarƙashinta. An fi ganin haka a rufi da bonet da but, inda rana ke sauka kai tsaye, musamman a motocin da suka riga suka sha rana a Amurka kafin a loda su zuwa Tema. Folish zai ƙara yaye ta ne. Wurin sai an kankare an sake fesawa, kuma ka tambayi mai fentin ko zai sa kiliya mai haɗi biyu, wadda ake zuba wa hadina, sinadarin da ke sa ta yi tauri, domin ita ke jure ranarmu. Ɓangarorin da ba su kamu ba, ƙofofi da fendoji, a wanke su da bokiti biyu a shafa musu waks tun wannan Asabar ɗin.